Ɗan siyasa ya canza magana: dattako ne ko lashe amai?

"Malam, barka da aiki. Ni ɗalibi ne a jami'ar nan ta Damagaram. A fadarmu ta Garin Malam mun kwana uku muna gardama a kan shayi. Wasu na cewa ɗan siyasar da ya canza ra'ayi ba shi da tsayuwa, bai cancanci a sake ba shi ƙuri'a ba. Wasu na cewa wanda ba ya canzawa mai taurin kai ne, irinsa ke jefa ƙasa a rami. Ni na rasa inda zan tsaya. Ya dace shugaba ya sauka daga maganar da ya faɗa a bainar jama'a, ko kuwa dattijo ba ya magana biyu?"

Ɗana, Allah ya yi maka albarka, ya ƙara basira. Idan na fahimce ka, kana son sanin ko sauka daga magana aibu ne ga mai riƙe da al'amarin jama'a, ko kuwa abin yabo ne. Na koyar da tarihi shekaru da dama, an kuma zaɓe ni konseye, wato kansila, a wata komin (ƙaramar hukuma) ta kudancin jihar nan a zaɓen ƙananan hukumomi na watan Yuli na 2004, saboda haka na ga abin daga allo, na kuma gan shi daga kujera. Abin da ya hana gardamarku ƙarewa shi ne kuna kiran abubuwa daban-daban da suna ɗaya. Mutumin da ya gane hanyar da ya ɗauko ba ta ɓullewa ya juyo, da wanda ya yi rantsuwa zai sauka ya ƙi sauka, da wanda ya kwana a jam'iyya ɗaya ya wayi gari a wata saboda an nuna masa kujerar minista, duk muna cewa "ya canza". Amsata a taƙaice ita ce: wajibi ne ɗan siyasa ya iya canza ra'ayinsa a kan dabarar aiki, kuma wanda ba ya iyawa haɗari ne ga ƙasa. Amma alkawarin da ya ɗaure nasa ikon, wannan ba shi da hurumin kwance shi da hannunsa. Sauran bayanin duka a kan yadda za a rarrabe biyun ne.

Abin da muka gada

Mu a ƙasar Hausa da magana ake auna mutum. Muna cewa alkawari kaya ne, magana kuma zarar bunu ce, idan ta fita ba ta komawa. Wanda ya sauka daga maganarsa sai a ce ya yi amai ya lashe, kuma babu dattijon da ke son a jefe shi da wannan. Abokanka masu wannan ra'ayi suna da tushe, domin addini ma ya lissafa saɓa alkawari cikin alamomin munafuki, tare da ƙarya da cin amana.

Sai dai addinin da ya tsananta a kan alkawari shi ne ya buɗe ƙofar komawa ga gaskiya. A yaƙin Badar, Manzon Allah (SAW) ya sauke rundunarsa a wani wuri, sai Hubab ɗan Munzir ya tambaye shi ko wahayi ne ko dabarar yaƙi. Da ya ji dabara ce, ya ba da shawarar a matsa kusa da rijiyoyi, aka kuma tashi aka matsa. Sayyidina Umar ya rubuta wa alƙalinsa Abu Musa al-Ash'ari cewa hukuncin da ya yanke jiya kada ya hana shi komawa ga gaskiya idan ya sake dubawa ya gane ta, domin komawa ga gaskiya ya fi dogewa a kan ɓata. Imamu Shafi'i yana da maganganun da ya faɗa a Iraƙi da waɗanda ya faɗa bayan ya koma Masar, malamai na kiransu tsohuwar magana da sabuwa, kuma ba wanda ya taɓa ɗaukar wannan a matsayin rauni gare shi. Ka lura da tambayar Hubab, don ita ce mabuɗin. Bai ce a canza manufa ba, ya fara tantance abin da ba a taɓawa da abin da ake shawara a kai.

Mutum ɗaya, shekaru biyar

Ba sai na kai ka Turai ko Amurka ba. Marigayi tsohon shugaban ƙasa Tandja Mamadou, Allah ya ji ƙansa, shi kaɗai ya ishe mu misali, kuma na zaɓe shi ne saboda na san yadda mutanen Damagaram da yawa ke ƙaunarsa, ni ma ina ganin girman ayyukan da ya yi wa karkara.

A farkon 2005 gwamnatinsa ta ɗora harajin kashi 19 cikin ɗari a kan kayan masarufi irin su madara, fulawa, sukari, ruwa da lantarki. Ƙungiyoyin farar hula suka haɗu a ƙawancen yaƙi da tsadar rayuwa, aka yi jerin gwano a Yamai cikin watan Maris, aka yi ranakun zaman gida da kasuwanni suka rufe. Da farko gwamnati ta kama jagororin ƙawancen. Daga baya ta sake su, ta zauna da su, cikin watan Afrilu aka janye harajin daga kan madara da fulawa, aka sassauta na ruwa da lantarki ga masu ƙaramin amfani. Gwamnatin ba ta faɗi ba, martabarta ba ta zube ba. Ta ji kukan jama'a, ta lissafa, ta juyo. Wannan shi ne canjin da nake yabo.

A shekarar nan dai, bayan ƙarancin ruwa da farin ɗango na daminar 2004, yunwa ta kama jihohin Maraɗi da Damagaram. Wanda ya je kasuwar Dole a lokacin ya san yadda tiyar hatsi ta gagari talaka. Hukuma ta dage a kan sayar da cimaka da rangwame, tana tsoron rabon kyauta zai ɓata kasuwa ya kuma koya wa mutane zaman jira. Hujjar ba ta banza ba ce a shekarar da abinci ya ɗan yi ƙaranci. Amma wanda ya riga ya sayar da akuyarsa ta ƙarshe, ko rangwamen ma ba shi da abin saye. Sai cikin watan Agusta aka koma rabon kyauta gadan-gadan, watan da Kofi Annan, babban sakataren Majalisar Ɗinkin Duniya na lokacin, ya zo nan Damagaram ya ga yara a cibiyoyin ciyarwa da idonsa, kuma a watan ne shugaban ƙasa ke gaya wa ƴan jarida cewa babu yunwa a Nijar. A nan an canza, amma an makara, kuma jinkirin ƙananan yara ne suka biya shi. Duk lokacin da na ji wani na yabon shugaba da cewa "ba ya ja da baya", wannan daminar nake tunawa.

Sai kuma tazarce, wadda a gabanmu aka fara rera ta, ranar da aka aza harsashin matatar mai a watan Oktoba na 2008. Kundin tsarin mulki na 1999 ya ƙayyade wa'adi biyu, ya kuma hana a taɓa wannan ƙa'idar. Shugaban ya rantse da Alƙur'ani zai kare kundin, ya kuma sha faɗa cewa zai sauka idan wa'adinsa ya cika a watan Disamba na 2009. Daga baya ya ce jama'a ce ta roƙe shi ya zarce ya ƙarasa ayyukan da ya fara. Kotun tsarin mulki ta ce ba ya halatta. Ya rushe majalisar dokoki a watan Mayu, ya rushe kotun a watan Yuni, aka yi zaɓen raba gardama ranar 4 ga Agusta wanda ya ƙara masa shekara uku. Ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, CEDEAO, ta dakatar da Nijar. Ranar 18 ga Fabrairu 2010 sojoji suka kifar da shi.

Dubi abin da kyau. A tazarce ya canza inda bai kamata ya canza ba, wato a kan rantsuwarsa, sannan ya kafe inda ya kamata ya sassauta, wato lokacin da kotu da majalisa da ƙungiyoyin ƙwadago da abokan ƙawancensa suka ce masa a'a. Da ya saurari kotu a watan Yuni ya ce na ji, na janye, da ya sauka da girmansa cikakke. Shi ya sa idan aka tambaye ni ko Tandja mai tsayuwa ne ko mai canzawa, sai in ce tambayar ba ta kama komai ba. Abin tambaya shi ne a kan me ya tsaya, a kan me ya canza.

Kafin shi mun ga wani salon. Janar Ali Saibou ya gaji Seyni Kountché a 1987, ya kafa jam'iyya ɗaya tilo ta MNSD a 1989. Bayan kisan ɗalibai a gadar Kennedy ranar 9 ga Fabrairu 1990 da yaje-yajen aikin da suka biyo baya, ya amince da jam'iyyu da yawa kafin shekarar ta ƙare. Ya bari aka yi babban taron ƙasa na 1991, wanda ɗan garin nan Farfesa André Salifou ya jagoranta, taron da ya karɓe ikon daga hannunsa ya bar masa suna kawai. Ya haƙura har ya miƙa mulki a 1993. Matsin lamba ne ya sa shi, babu shakka. Amma akwai shugabannin da suka sha matsin da ya fi wannan suka zaɓi harbi. Canjin nasa ya rage masa iko, kuma wannan alama ce da nake ba muhimmanci ƙwarai.

Kishiyar wannan ita ce zaman doya da manja na 1995, lokacin da Mahamane Ousmane ke shugaban ƙasa, Hama Amadou ke firaminista daga ɓangaren da ke da rinjaye a majalisa. Aka yi ta ja-in-ja a kan naɗe-naɗe da kiran taron ministoci, kowa na riƙe da nasa fassarar kundi, babu mai sassautawa. Ranar 27 ga Janairu 1996 Ibrahim Baré Maïnassara ya kawar da su duka ta hanyar juyin mulkin soja. Kowane ɓangare ya tsaya a kan maganarsa, ƙasa ta rasa dimokuraɗiyyar da ba ta cika shekara uku ba.

Gawo

Akwai canjin da ba a yi masa ganga ba, amma a ganina ya fi yawancin jawaban siyasa amfani. Idan ka bi hanyar Mirriya, Matamai ko Magariya, za ka ga gonaki cike da gawo. A da doka ta ɗauki itatuwa irin wannan a matsayin na hukuma, ma'aikatan gandun daji na cin manomi tara idan ya sassare reshe a gonarsa. Manufar kare itace ce. Sakamakon kuwa, manomi ya gwammace ya tumɓuke tsiron tun yana ƙarami, don kada ya girma ya jawo masa fitina. Bayan farin shekarun 1970 da 1980, manoma suka fara barin tsiro suna gyara shi, abin da ake kira sassaben zamani, hukuma kuma ta sassauta hannu a hankali. Dokar karkara ta 1993 da dokar gandun daji ta 2004 suka ƙara wa manomi ƙarfin gwiwa a kan abin da ke cikin gonarsa. Masu bincike sun ƙiyasta cewa wajen hekta miliyan 5 ta sake yin kore a ƙasar nan ta wannan hanya. Manufar ba ta canza ba, har gobe itace ake son karewa. Dabarar ce aka gane ta gaza aka bar ta. Da hukuma ta ce ita ba ta magana biyu, da yau rairayi ne a wuraren.

Sauya sheƙa

Wannan ne ya ɓata sunan canji a idon talaka, kuma talaka na da gaskiya. Tun 1993 muke ganin ƙawance na ƙulluwa yana kwancewa. Jam'iyyun da suka haɗu a ƙawancen AFC don hana MNSD mulki, kafin ƙarshen 1994 wani ɓangarensu ya koma wajen MNSD ɗin. Waɗanda suka haɗa kai a zagaye na biyu na zaɓen shugaban ƙasa na 2011 sun rabu a 2013. Ba na cewa kowace rabuwa cin amana ce, domin ƙawance yarjejeniya ce, idan ɗaya ya saɓa, ɗayan na da ikon fita. Lokacin da jam'iyyar CDS ta Mahamane Ousmane ta fice daga gwamnati a 2009 saboda tazarce, ta bar kujeru ne a kan dalilin da kowa ya ji. Abin ƙi shi ne depite, wato ɗan majalisar dokoki, da ya zagaya ƙauyuka da tutar jam'iyya, mata suka tsaya a rana suka zaɓe shi, bayan wata shida a gan shi da wata hula ba tare da ya koma ya ce musu uffan ba. Wannan bai canza ra'ayi ba, don tun farko ba ra'ayi ne ya kai shi ba. Saboda irinsu ne kundin 2010 ya tanadi cewa depiten da ya yi murabus daga jam'iyyarsa ya rasa kujerarsa, madadinsa ya hau. Kundin Najeriya na 1999 ma yana da makamancin wannan, sai dai ya bar ƙofa idan jam'iyya ta rabu gida biyu, kuma ta wannan ƙofar ake ta fita. An rushe jam'iyyu a ƙasarmu a watan Maris na 2025, amma tambayarka ba ta tsufa ba, domin duk mai riƙe da iko, da kaki ko da babbar riga, yana yanke shawarar da ke iya zama kuskure.

Abin da ya faru da ni

Lokacin da nake konseye, ni ne na fi kowa dagewa a mayar da kasuwar mako ta garinmu bakin titi. Hujjata ita ce motoci za su riƙa tsayawa, komin ta samu kuɗin shiga, a kuma rage cunkoso a tsakiyar gari. Majalisa ta amince, aka kafa rumfuna. Mata masu sayar da fura, tuwo da ƙuli-ƙuli suka ƙi tashi. Na ɗauka jahilci ne da son tsohon wuri, har na faɗi haka a taro. Kusan shekara guda ina kare matsayina, alhali rumfunan na nan babu kowa. Wata rana wata dattijuwa, sa'ar mahaifiyata, ta tare ni bayan sallar la'asar ta ce: "Malam, ka taɓa ɗaukar tulu daga rijiyar gari zuwa bakin titin nan?" Ban taɓa ba. Babu ruwa a sabon wurin, mu kuma da muka zana shi a takarda duka maza ne, babu wanda ke dafa abin sayarwa a cikinmu.

Abin da ya fi min wuya shi ne makonnin da suka biyo baya. Na riga na gane, amma bakina ya ƙi faɗa. Ina tunanin abokan hamayya, ina tunanin kuɗin da aka kashe, ina tunanin waɗanda suka goyi bayana za su ce na zubar musu da mutunci. Na kusa bin hanyar da ƴan siyasa suka fi bi, wato in yi shiru a bar maganar ta mutu da kanta, in an tambaye ni in ce ai dama ba haka nake nufi ba. A ƙarshe na miƙe a zaman majalisa na ce ni na kawo shawarar, na yi kuskure, ga dalili, ina neman a dakatar har a samu ruwa a wurin. An yi min dariya a ranar, wasu sun riƙe abin har zaɓe na gaba. Amma daga nan matan suka fara zuwa da kansu suna gaya min abin da ke damunsu tun kafin a yanke shawara, abin da ba su taɓa yi ba.

Daga wannan na fahimci dalilin da ya sa manya ke kafewa. Kujera na tara wa mutum ƴan amshin shata, waɗanda cinsu ya dogara da kada a canza komai, su ne kuma ke tsaye a ƙofa suna tace wanda zai shiga. Ga kunya, ga tsoron abokin hamayya. Mu ma masu zaɓe muna da laifi babba. Idan ɗan siyasa ya fito ya ce na yi kuskure, mu ne na farkon yanka muryarsa mu watsa a WhatsApp muna cewa ya lashe amansa. Wanda ya ga an yi wa ɗan'uwansa haka, gobe zai zaɓi ƙarya a kan amsa laifi.

Yadda nake aunawa

Idan na ji wani ya canza magana, abin da nake fara dubawa shi ne wa canjin ya amfana. Idan ya ƙara masa wa'adi, ko kujera, ko kwangila, ina ɗaukarsa da zargi har sai ya wanke kansa. Idan kuwa ya rage masa iko ko ya jawo masa asara, ina kyautata masa zato. Sannan ina neman sabon abin da ya bayyana tsakanin maganar farko da ta biyu: farashi ne ya tashi, kotu ce ta yi hukunci, aikin ne aka gwada ya gaza? Mai gaskiya yana iya nuna maka abin da yatsa. Ina kuma sauraron yadda ya faɗa. Wanda ya ce "da na ce kaza, yanzu na ga kaza" ya girmama hankalinka. Wanda ya ce bai taɓa faɗin ta farko ba, alhali muryarsa na cikin wayoyin mutane, ya haɗa canji da ƙarya. Idan kuma abin ya shafi alkawarin da aka zaɓe shi a kai, to ba nasa ba ne shi kaɗai, sai ya koma wa waɗanda suka ba shi amanar, ko ya ajiye kujerar.

Wannan ma'aunin yana da iyaka, ba zan ɓoye maka ba. Zuciya Allah kaɗai ke ganinta, kuma sau da yawa gaskiya da son kai na tafiya a jirgi ɗaya. Lokacin da shugaban Najeriya na lokacin, Goodluck Jonathan, ya cire tallafin mai a watan Janairu na 2012, lita ta tashi daga naira 65 zuwa wajen 141, bayan yajin aiki da zanga-zanga ya mayar da ita 97. Wasu na cewa ya saurari talaka, wasu na cewa ya ji tsoro ya ɗage matsalar da sai da ta dawo a 2023. Duka biyun na da abin kamawa. Ba kowane kukan jama'a ne ke da gaskiya ba, akwai matakin da ke da ɗaci amma dole, irin rigakafin shan inna da aka yi ta yi wa turjiya a ƙasar Hausa, kuma shugaban da ke juyawa duk inda iska ta kaɗa ba a iya dasa komai a ƙarƙashinsa. Ɗan kasuwar da zai kawo kaya daga Kano yana bukatar sanin cewa dokar yau za ta kai wata mai zuwa. Ni kuma abin da na riƙe a hannuna komin ce ƙarama, inda kuskure ke cin rumfuna. A matakin ƙasa akwai lamuran tsaro da yarjejeniyoyi da shugaba ba zai iya bayyana dukan dalilansa a fili ba, saboda haka hukuncin da za ka yanke masa a ranar yana iya bambanta da wanda za ka yanke bayan shekara goma.

Idan kun koma fada yau da dare, ku ajiye tambayar "ya canza ko bai canza ba". Kowa ya kawo sunan shugaba ɗaya da magana ɗaya takamaimai da ya sauka daga kanta, da shekarar. Ku nemo abin da ya faɗa da farko da bakinsa, da abin da ya faru a tsakani, da wanda ya ci ribar juyawar. Ku fara da harajin 2005 da tazarcen 2009, tunda mutum ɗaya ne, kuma iyayenku da ke gida sun ga duka biyun, za su ba ku abin da ba ya cikin littafi.